Lamba Sha Shida a Ɗakin Mak

Kuala Kangsar,
9 ga Mayu.

Zuwa ga yayata Kak Long Rohayati,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da fatan aikin asibitin Sandakan bai fi ƙarfinki ba. Mu nan sai godiya. Mak, tsohuwar da ta haife mu, tana gaishe ki, ta ce wai kin rame a hoton da kika turo, ki riƙa cin abinci.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ko saƙon waya sai an roƙe shi. To, kunnen Mak ya yi nauyi, ba ta jin ƙarar na'ura, ba ta jin sallamar baƙo, amma da zarar na ɗaga waya da sunanki sai ta warke sarai. Shi ya sa na koma biro.

Kin tambaye ni maganar gumin da ta ce miki tana yi. E, tana yi, musamman in ta kwanta bayan azahar. Kin san ɗakinta, rufin kwano ne, rana kuma a kansa take yini. Na'urar sanyaya ɗakin da kika saya mata tana aiki, ni nake kunna mata kullum, ita kuma ta riƙe rimot tana rage lamba yadda ta ga dama. Kada ki ɗaga hankalinki, kada kuma ki ƙona hutunki ki biya jirgi saboda gumi. Zafin bana kowa yana kuka da shi.

Wani labari mai daɗi: kuɗin wuta ya sauka, ya kusa komawa rabi. Kin san shi kaɗai ne nauyin da na ɗauka a gidan nan, tunda magani da cefane da komai suna wuyanki. A watan Maris da takardar ta zo da ringgit ɗari huɗu da tamanin, ni kuma shagon gyaran babur ɗina yana ta hamma, sai da na ji kunyar kaina. Yanzu na samo dabara. Wata rana zan ba ki labari.

Itacen duriyan ɗin nan mai manyan 'ya'ya masu ƙaya da ƙamshi, wanda marigayi Abah, babanmu, ya dasa a bayan gida, ya ɗauki 'ya'ya, karon farko cikin shekara tara. Mak tana zuwa kullum da sandarta tana ƙirga su. Ta ce sha huɗu ne, ni na ga sha uku, ta ce idona na ado ne.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Suhaimi

Kuala Kangsar,
6 ga Yuli.

Kak Long,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da mutanen gidanki duka. Ni lafiyar jiki ƙalau, sauran kuwa ki karanta ki gani. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma in kin gama zagina ki sake karantawa.

Mak ba ta da ciwon komai. Jinin da kika sa aka ɗiba sau biyu, da hoton ƙirji, da kukan da kika yi mini a waya, duk ni ne sanadi.

Ga dabarar da na yi miki alfahari da ita. Mak ta saba sa na'urar a kan ashirin, ta ja bargo ta rufa. Na karanta cewa duk lamba ɗaya da mutum ya ƙara, sanyi yana raguwa, kuɗin wuta ma yana raguwa. Na yi mata magana sau ɗaya, ta kira ni da sunana na gida ta ce, “Mie, na yi shekara arba'in ina gasuwa a gaban murhu ina soya muku ayaba ta sayarwa. Ka bar ni in huce kafin in mutu.” Sai na sayo wani rimot a kasuwa na ɓoye a aljihu. Nata kuma na buɗe shi, na liƙe ɗan idon da ke aika saƙo da baƙin salatif ta ciki, na mayar na rufe. Lambar tana sauyawa a hannunta, amma na'urar ba ta san tana yi ba. Na kashe fitilar da ke jikin na'urar, na sa ta a kan talatin. Ƙarar da take yi in ta karɓi umarni kuwa, Mak ba ta taɓa jin ta ba balle ta lura ta daina.

Da ta ji zafi ta rage zuwa sha takwas. Da bai yi ba ta kai sha shida, ƙarshen lambar ke nan. Wata rana na shiga kai mata ruwa, na tarar rigarta ta jiƙe, tana kallon rimot ɗin. Ta ce, “Mie, kai kana jin sanyi a ɗakin nan?” Kak Long, da bakina na ce mata sosai ma. Har da murza hannuwana na yi, wai ina rawar ɗari. Sai ta ce, “To, ashe a jikina yake.”

Ni ban gane nauyin maganar ba sai daga baya. Na manta cewa da gumi ciwon Abah ya fara, wata uku yana jiƙa matashi kafin likita ya kira sunan abin. Ita ba ta manta ba.

Daga ranar ta yanke cewa zafin ciki ne ya kama ta. Ta bar duk abincin da aka ce mai zafi ne. Ta bar barkono, ta bar naman akuya, ta bar baƙin kofi ɗin da ko a ranar jana'izar Abah sai da ta sha. Maƙwabciyarmu Mak Cik Sepiah ta riƙa dafa mata wani ganye mai ɗaci da ko ƙuda ba ya sauka a kai, tana sha tana runtse ido. Ni kuma ina kallo, ina ce wa kaina ai rage barkono ba ya kashe mutum.

Ranar da na tarar da ita a tsakar ɗaki tana auna farin yadi da kamu ɗaya-ɗaya, ta ce in riƙe mata bakinsa, sai na gane abin da take yi. Likkafani take yankawa. Ta ce, “Riƙe da kyau, malalaci. Ba na so yayarka ta zo tana neman tela a gigice.” Ta nuna mini inda ta ajiye awarwaronta, ta ce na 'yarki ne.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka sai na fita baranda, na zaro rimot ɗina, na dawo na mayar da na'urar ashirin da huɗu a ɓoye. Na ɗauka shi ke nan, na gyara ɓarnata ba wanda ya sani. Gumi ya tsaya a ranar. Washegari Mak ta fito da murna tana cewa, “Ka gani? Ƙauracewar nan ta yi aiki. Allah ya saka wa Sepiah.” Garin gyaran gira na tsokane ido.

Yanzu duriyan ya fara faɗowa. Kin san ba abin da mutanenmu suke cewa ya kai shi zafi. Na farko ya faɗo ranar Litinin da hantsi, ƙamshinsa ya cika gidan. Ta sa na fasa, ta ɗauki ɓargo ɗaya na tsokar cikinsa ta kai hanci, ta ajiye. Ta ce, “Kai wa liman. In na ci wannan, wutar za ta dawo.” Shekara tara tana zuba wa itacen nan ruwan wankin shinkafa, tana yi masa hira kamar Abah ne a tsaye. Biyar sun faɗo, duka na kai gidajen mutane da hannuna.

Saura tara, ko takwas a ƙirgata. Ba abin da zai sa ta ci sai in na gaya mata cewa ɗanta na fari a maza kuma autanta ya dube ta tana gumi ya ce yana jin sanyi. Kada ki riga ni, don Allah. Ranar Juma'a in na dawo masallaci zan faɗa mata.

Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙaninki mai laifi,
Suhaimi

Kuala Kangsar,
12 ga Agusta.

Kak Long,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Amsarki ta iso, layi uku. Na cancanci duka ukun, har da na tsakiya wanda ba zan maimaita ba.

Ban faɗa ranar Juma'ar ba. Ban faɗa ta gaba ba. Kullum in na shiryo maganar sai in tarar tana jan carbi, ko tana dariya da Mak Cik Sepiah, sai in ce gobe. Duriyan kuwa bai jira gobena ba. Na ƙarshe ya faɗo ranar ashirin da takwas ga Yuli, ta ce a kai wa matar da ta yi mata wankan jego lokacin haihuwata. Sha huɗu suka cika, ita ce ta ƙirga daidai.

Sai da itacen ya zama ganye zalla sannan bakina ya buɗe, ki ga irin jarumtata. Na durƙusa a gabanta da rimot biyu, na buɗe nata, na ɓare salatif ɗin na ɗora mata a tafin hannu. Dole na ɗaga murya saboda kunnenta, don haka duk layinmu sun ji irin ɗan da Mak ta haifa.

Da farko dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, “Wato ba mutuwa zan yi ba? Wato banza na sha ɗacin Sepiah wata biyu? Ɗora mini ruwan kofi, ɗan banza!” Na ji kamar an sauke mini dutse. Ta sha kofi biyu a jere. Tana cikin na biyun sai idonta ya kai taga, wajen itacen, dariyar ta tsaya.

Ta ce, “Nawa ka rage a kuɗin wutar?” Na faɗa mata. Ta ce, “Da ka ce mini ba ka da shi, da na kashe abin gaba ɗaya na ɗauki mafici. Ni da na goya ku a gidan da ba wuta.” Na ce ai na yi magana. Ta ce, “Ka ce in rage sanyi. Ba ka ce kana cikin wahala ba.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu rimot ɗaya ne a gidan, yana hannunta. Da kanta ta sa ashirin da shida ta haɗa da fanka, ta ce ya ishe ta. Likkafanin ta naɗe ta mayar ƙasan akwati, ta ce ba ya ruɓewa.

Shekaranjiya na rufe shago na hau babur har birnin Ipoh ina neman duriyan. Na samu ɗaya wajen wani mai tebur, na ƙarshen kaka, da tsadar da ba zan rubuta ba. Na fasa mata a baranda. Ta ci ɓargo ɗaya a hankali, ta lashe yatsunta, ta ce yana da daɗi, Allah ya yi mini albarka. Sannan ta tura mini sauran ta ce, “Amma ba na babanku ba ne. Ka roƙa mini Allah ya nuna mini baɗi.”

Kak Long, ke ce ma'aikaciyar jinya, kin san shekarunta saba'in da takwas. Ni nake zuba wa itacen ruwan shinkafa yanzu, safe da yamma. Ki nemi hutun Yuli tun yau, ki zo mu ci tare da ita, ki kuma taya ni wannan addu'ar, don ban san ko ana karɓar ta daga bakina ba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Suhaimi