Sau Goma Sha Ɗaya Ya Runtse Ido

Jackson, 3 ga Maris

Yaya Verlene,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka ta ba ni aikin rubuta rahoto a kan Keshon kafin manyan ƙungiyoyi su zaɓi 'yan wasan jami'a a Afrilu. Na ce musu ɗan yayata ne, suka ce ai shi ya sa.

Gudu kam, barewa ne. Amma kin tuna wasan Oktoba, da ya yi tsalle zai cafe ƙwallo a tsakiyar fili, wani ƙato ya tunkuye shi da hular kwano a haɓa? Haƙora biyu a ciyawa, hannuwa a sandare kamar na gawa. Tun ranar an jefa masa ƙwallo ta tsakiya sau goma sha huɗu. Sau goma sha ɗaya ya runtse ido kafin ta iso. Na ce ko idona ne, na sake kallon faifan sau uku.

Ƙaninki,
Delbert

Yazoo, 10 ga Maris

Delbert,

Muna lafiya. Kai da ƙirge-ƙirge, tun kana tsumman goyo. Sau ɗaya aka karya maka ƙafa a wasa ka gudu ka kama biro. Yarona shekara goma sha huɗu yana shan duka saboda wannan rana. Rubuta gudunsa ka ja bakinka.

Gajiya ce kawai. Ran Lahadi ƙarar ganga ta kore shi daga coci, ya dawo ya naushi madubin banɗaki, ɗinki shida. Ya ce bai tuna ba. Wane saurayi ne ba ya fushi?

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi

Jackson, 24 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Na rubuta duka, har da madubin. Da bakina na gaya masa a bakin filin atisaye. Ya buga kaina a ƙofar mota, karan hancina ya karye, sannan ya tsuguna yana tambayata wa ya yi mini haka. Ban kai ƙara ba. Can a manyan ƙungiyoyi, 'yan wasan sun fi wancan ƙaton girma, Yaya. Wataƙila na yi kuskure. Kullum ina yi.

Ki huta lafiya,
Delbert

Yazoo, 30 ga Afrilu

Delbert,

Kwana uku muna gaban talabijin muna kallon zaɓen, da kaji soyayyu da rabin coci. Ba a kira sunansa ba.

Kada ka tako gidana. Aiko mini da sunan likitan ƙwaƙwalwa, mai kyau.

Verlene