Waƙar Indo da Kuka Sa Wa Sunan Babban Baƙo

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ya shirya wasan bayan Sallah a Kaura Namoda.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ba ka san ni ba. Ni matar aure ce a Zurmi, ban rufa shekara biyu a ɗakina ba, kuma ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba. Abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya, na waya da na takarda.

Ina cikin matan da suka zo kallon makaɗan nan masu haɗa gurmi da kalangu da jitar lantarki, ranar Asabar bayan Babbar Sallah. Bari in fara da abin da ya kawo ni, don ka gane ƙorafina.

Yayana Sani direba ne. Shi ya fara turo mini waƙoƙinsu, musamman ta Indo, yarinyar da ke tsayawa bakin tasha duk Alhamis tana jiran motar kasuwar Shinkafi. Kullum waƙar ce ke tashi a motarsa. Wata bakwai ke nan da ya ɗauki fasinja zuwa Shinkafi bai dawo ba. An tsinci motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe. Ba wanda ya kira mu, ba a kawo gawa ba, saboda haka ba a yi zaman makoki ba. Innarmu ta hana a ce masa marigayi. Ni kuwa tun ranar ban yi kuka ba. A littattafai mace takan yanke jiki ta faɗi idan mugun labari ya iso. Ni wanke-wanke nake yi, na ci gaba da abina har na kife kwanoni. Sai na sa a raina cewa in na ji waƙar Indo daga bakin mai ita, abin da ya tokare mini ƙirji zai sauka. Maigidana ya rufe shagon ɗinkinsa, muka bi ayarin motocin safe. Ka san yadda hanyar take.

Ga abin da na tarar.

Na farko, kun ajiye mata a bayan rumfa, dab da janareta. Ƙeyar mai jita na gani, da gwiwar hannun mai kalangu. Fuskar mawaƙin sau biyu na gan ta, da ya juyo shan ruwa. Wannan ban damu da shi sosai ba, kunne na kawo.

Na biyu, kun ce ƙarfe goma za a fara. Ba a taɓa ganga ba sai bayan Azahar, don babban baƙo bai iso ba, alhali kun sani mutanen Zurmi da Shinkafi dole su kama hanyar gida tun da sauran rana.

Na uku, shi ne dalilin wannan takarda. Aka ɗauko waƙar Indo. Gurmi ya shigo shi kaɗai kamar yadda ya saba, na ji tsigar jikina ta tashi, abin da na manta rabona da shi. Sai wani ɗan kwamitinku ya hau dandamali ya miƙa wa mawaƙin takarda. Daga nan duk inda sunan Indo yake, sunan babban baƙo aka sa. Inda take jiran mota, aka ce talakawa ke jiran Alhaji. Aka kira mahaifinsa da kakansa da rijiyar da ya gina. Maza suka taso ana liƙi har suka rufe mawaƙin. Baitin ƙarshe, inda motar ke shigowa tasha da fitila ɗaya, ba a kai gare shi ba. Maigidana ya ɗago mini hannu daga nesa, lokacin tafiya ya yi.

Na san al'ada ce, kuma da liƙi makaɗi ke ci. Ban ce a hana kowa abincinsa ba. Amma makaɗan suna da kiɗan da aka yi domin manya. Me ya sa sai wannan?

Ban yi fushi ba, ranka ya daɗe. Da ma zan iya. Na dawo gida na kunna waƙar a waya, ta asali. Muryar tana cewa Indo, kunnena yana jin Alhaji. Sau uku na gwada, na bari. Waƙar nan kaɗai ce wurin da nake samun Yaya Sani, yanzu akwai wani mutum zaune a ciki.

Roƙona kaɗan ne. A ba mata wuri inda za su ga gaban makaɗa. A fara wasa a kan lokaci ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Babban roƙon kuwa, ka sake gayyato makaɗan a Sallah mai zuwa, su yi wa manya kirari har su ƙoshi, sannan a bar su su yi waƙar Indo da sunanta, daga farko har motar ta shigo tasha, kada kowa ya miƙa takarda. Ban sani ba ko zai yi mini amfani. In ina raye dai, zan sake bin hanyar nan in zo.

Allah ya ƙara maka girma da adalci, ya tsare iyalinka, kada ya nuna maka jiran wanda ba a san inda yake ba.

Wassalam.

Rabi'atu, daga Zurmi.