Wayar da na tsinta a gidan fiyus

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani, domin raina ya gama ɓaci.

Sana'ata haɗa sauti a mota: rediyo, sifika, amfilifaya, da wufa, babbar sifikar nan ta cikin but mai bugun da ake ji har a ƙirji. Shekarata goma sha ɗaya a kai, ba motar da ta taɓa yin ko ɗumi a hannuna.

Wata biyu da suka wuce yayan matata ya kawo motarsa in haɗa masa. Ya zo ranar da shago ya cika, ya tsaya a kaina yana duba agogo wai ana jiransa. Na jawo wayar wuta daga batir, na zura ta ta wani ɗan rami a ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, na bi da ita ƙarƙashin kafet har but. Robar da ake sa wa bakin ramin ta ƙare mini a ranar, sai na naɗa salatif. Amma fiyus, mai yanke wuta in ta yi yawa, na sa masa mai kyau, dab da batir, yadda ya kamata.

Bayan mako biyu fiyus ya ƙone, na canza. Ya sake ƙonewa, na sake canzawa, har sau uku. Kowane zuwa sai na ce Yaya ya rage ƙara, don shi in bai mure ta har madubi na rawa ba bai ji kiɗa ba.

To, ranar Talata ya ɗauki Inna, surukata, zai kai ta asibiti ganin likita. Suna tsakiyar titi hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kafet. Allah ya kiyaye, mutane suka cire kan batir. Amma Inna mai ciwon asma ce, sai da ta kwana biyu a gadon asibiti.

Da aka jawo motar shagona na buɗe gidan fiyus. Anti, kin san me na gani? Wayar jan ƙarfe! Ashe fiyus ya ƙone a karo na huɗu, gwanin naku ya ga zuwa wurina wahala ne, ya murɗa waya ya cusa a madadinsa. Shi ke nan babu sauran abin da zai yanke wuta.

Amma jiye mini ƙarfin hali. Yaya ya bi dangi gida-gida yana cewa na kusa kashe musu uwa da aikin banza. Ya faɗa har a bakin layinmu, mutum biyu sun janye motocinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai, matata ta yarda. Kwana shida ke nan daga sannu sai sannu, wai sai na je na durƙusa na ba Yaya haƙuri. Ni? A kan me?

Wayar nan tana aljihuna yanzu haka. Ranar Asabar za su taru duba Inna, niyyata in ajiye ta a tsakiyar falo, kowa ya ga wanda ya kusa yin kisan. In ya so zumuncin ya watse, ni na gaji. Me kika gani?

Mai haɗa sauti

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Fushinka yana da dalili. Sa waya a gurbin fiyus ganganci ne, kuma ɗora maka laifin bayan ya san abin da hannunsa ya yi zalunci ne. Ban ce ka durƙusa ka karɓi wannan ba.

Sai dai na kai wasiƙarka wurin wani tsohon mai gyaran wayar mota, bai kai ƙarshe ba ya ɗora yatsa a kan salatif ɗin nan. Ya ce ba mamaki bakin ƙarfen ne ya yi ta cin wayar da girgizar hanya har ta fara taɓa jikin mota. Kai ma ka san fiyus ba ya ƙonewa sau uku a banza. Aikinka ne ka bi wayar ka gano dalili, sai ka ɗora wa kunnen Yaya laifin.

Saboda haka kafin Asabar ka duba bakin ramin nan. In ka tarar wayar ta goge a wurin, laifin na mutum biyu ne. Ka kira Yaya shago, ku biyu kawai, ka fara nuna masa ramin, sannan ka fito da abin da ke aljihunka. Ka nemi ya janye maganarsa a duk inda ya kai ta. In ya ƙi, ka sa babba ɗaya a dangin ya zauna da ku. Matarka kuma ka gaya mata komai yau, har da batun robar. Tsoron rasa uwa ne ya rufe mata baki, ba ƙiyayya ba.

Falon marar lafiya ba wurin shari'a ba ne. Ranar Asabar ka je ka gaida Inna, ka nemi gafararta a kan naka kason. Tsakanin kai da Yaya da ita, ita kaɗai ce ba ta taɓa wayar nan ba, kuma ita ta shaƙi hayaƙin.

Allah ya huci zuciyarka, ya sa wa sana'arka albarka.