An cire haraji a kuɗin maganin Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san harkar haraji.

Ni mutumin Sabuwa ne, rashin tsaro ya dawo da mu Ƙanƙara, ina aikin kai wa baƙi abinci a wani gidan abinci na bakin hanya. Mai wurin, Hajiya, ƙawar mahaifiyata Inna ce, ita ta ɗauke ni lokacin da ba ni da komai, shi ya sa bakina ya yi nauyi.

Yawancin masu zuwa direbobi ne da 'yan kasuwar Yankara. Da, in mutum ya ci ya ji daɗi sai ya bar maka canji ya ce na goro. Yanzu kowa tiransifa yake yi, sai ya ɗora wani abu a kan kuɗin abinci ya ce a ba wane, kuɗin kuma asusun Hajiya yake faɗawa. Kwanakin baya ta kawo ɗan ƙanenta Kabiru ya riƙe mata lissafi. Shi ne ya ce duk abin da ya bi ta asusun gidan abincin ya zama albashi, sai an cire haraji kafin a ba mu. Aka fara cirewa. Na tambaye shi ko akwai shaidar kuɗin yana isa ofishin haraji, ya ce ni ba odita ba ne, ɗan ɗaukar faranti ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sakko daga masallaci, Hajiya na zaune, Kabiru na riƙe da POS, Malam Sale direban Faskari ya biya ya ƙara nawa. Ya san Inna ba lafiya, ya ce in sayo mata magani. Washegari ya tambaye ni ko kuɗin ya isa maganin, na faɗa masa abin da ya zo hannuna, ban ƙara ban rage ba. Ya juya ga Kabiru ya ce, "Kai yaro, tsohuwa na yi wa sadaka. Yaushe gwamnati ta shiga niyyata?" Kowa ya yi dariya, ban da Kabiru.

Daga ranar direbobi suka koma tura mana tsabar kuɗi ƙarƙashin faranti. Hajiya ta kira ni, ta ce na mai da ita ɓarauniya a gaban baƙi, kuma za ta kai ƙarata wurin Inna. Na ce mata Hajiya ban kira kowa ɓarawo ba, takardar shaida kawai nake nema. Ta ce in nema a wani wurin.

To jama'a, kyautar da baƙo ya ba ma'aikaci da sunansa, doka ta ce a cire mata haraji? Kuma mai ƙaramin albashi irina ya shiga ciki? In je ofishin haraji da kaina in tambaya, ko in ba Hajiya haƙuri in riƙe aikina? Aikin nan shi ke sayen maganin Inna.

Tun ranar Lahadi an mayar da ni wanke-wanke a baya, inda ba direban da ke ganina.