Shafukan da Na Tsallake wa Malam

Assalamu alaikum Anti, tare da masu karanta wannan fili. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tun kafin azumi nake cewa gobe zan rubuto, idan goben ta zo sai in ce rubutuna ba shi da kyau, ko in ce wani zai gane ni. Yau dai na zauna. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yanke mini hukunci sai an kai ƙarshe. Iyakar karatuna firamare, in an ga kuskure a yi haƙuri.

A Suleja nake, wajen Hashimi. Mijina tsohon malamin Hausa ne a sakandare, mutumin da littafi ya fi masa abinci. Ciwon suga ya taɓa idonsa, a hankali har ganin ya tafi gaba ɗaya. Tun daga nan ni ce idonsa. Ni ke riƙe hannunsa zuwa banɗaki, ni ke dafa masa nasa abincin daban, ni ke yi masa karatu bayan la'asar, kafin 'yan hayar gidanmu masu aiki a Abuja su dawo su cika tsakar gida da hayaniya. Ban taɓa yi masa ƙorafi ba, Allah shaida ne.

To wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Minna ya rubuta littafin labari, na farkonsa. Ya zo har gida da doyar da ya tsaya ya saya a Lambata, ya durƙusa ya ce, "Malam, ba wanda zai yi sharhin littafin nan ranar ƙaddamarwa sai kai." Malam ya yi dariya ya ce, "Makaho ne zai yi maka sharhi? To roƙi Mamanku, ita ce mai idon." Ranar nan ya sa na fito masa da babbar rigarsa a shanya, tun ba a ma sa rana ba.

Da na buɗe littafin sai na tarar da jana'iza a shafin farko. Can gaba ga wanda aka binne yana shan kunu, can gaba kuma ga shi saurayi yana zance. Ba a faɗin wa ke magana, wani wuri "ni" miji ne, wani wuri "ni" matarsa ce. Na saba da littattafan kasuwa da ake ɗinke shafukansu a birkice, sai na ce masu bugawa ne suka yi wa yaron nan ɓarna. Tausayinsa na ji, na kuma ji tsoron kada Malam ya ce ni ce ban iya karatu ba. Da hantsi idan ya sha magani ya kwanta, sai in bi littafin ni kaɗai, ina saka tsinken tsintsiya a inda ya kamata a fara da inda ya kamata a bi. Da yamma in karanta masa a jere, daga samartaka zuwa aure zuwa ciwo zuwa mutuwa, ina ƙara "sai ya ce" da "sai ta ce" daga bakina.

Da iyakar abin ke nan da da sauƙi, amma akwai Hajara. Ita ce matar da ke cikin labarin, tana jinyar mijinta da ɓarin jikinsa ya shanye. Marubucin yakan shiga cikin kanta ya rubuta tunaninta yadda yake zuwa mata, ba aya ba waƙafi. Tana wanke masa zanin gado tana sauraren motocin da ke wucewa, tana raya cewa da za ta shiga ɗaya ba za ta tambayi inda za ta ba. Yana kiranta tana ji, ta yi shiru, sai ya gaji da kira sannan ta amsa da murya mai daɗi. Anti, ina yaron nan ya san wannan? Wa ya faɗa masa? Ni ma nakan tsaya bakin zaure da sassafe ina kallon bas-bas ɗin Abuja suna cika suna tafiya. Ni ma na sha yin shiru a madafi yana kiran sunana. Ko a cikin addu'a ban taɓa furta wannan ba. Ta yaya zan karanta masa shi da muryata, yana zaune yana fuskantata? Duk inda tunanin Hajara ya zo, sai in haɗa shafukan in juya.

Da muka gama na rufe littafin. Can ya ce, "Yaron nan ya ba ni kunya. Labari miƙaƙƙe kamar titin Kaduna, ba kwana ba dabara. An haifi mutum, ya yi aure, ya mutu, to sai me? Ita kuma Hajara ba mutum ba ce, taɓarya ce aka ɗaura wa zani. Ta wanke, ta dafa, ta ce sannu. Mace ta yi shekaru tana jinya, ko sau ɗaya ba ta gaji ba? Marubucin da ke tsoron zuciyar mutanensa bai fara rubutu ba tukuna." Na ce, "Haka ne, Malam." Sai ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Ke fa, ba kya gajiya?" Na ce, "Haba Malam, wace irin gajiya?" Na tashi na ɗora ruwan zafi.

Bayan nan ɗalibin ya dawo ya sanar da ranar taro, ya tarar maƙwabci ya kai Malam masallaci. Na ce masa, "Ka koma wurin masu buga littafin nan, sun hargitsa maka shafuka." Ya kwashe da dariya ya ce, "Mama, ai da gangan ne. Tunanin mutum ba ya bin layi. Hajara ce ke tuna komai ranar jana'izar, duk littafin a cikin kanta yake, in an cire ta babu littafi. Mahaifiyata na kalla na rubuta ta. Na san Malam zai gane." Na ce, "Allah Ya sa albarka," na ba shi ruwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro, ban ji komai ba. Ban yi kuka ba. Ina dafawa ina sharewa, ina sake alwala don ban tabbata na wanke gwiwar hannu ba, amma ƙirjina kamar an yi masa allurar kashe zafi. Shin haka masu laifi suke ji?

Bayan Babbar Sallah za a yi taron a Minna. Malam yana ta maimaita sharhinsa don ya haddace. Tun da idonsa ya tafi, wannan ne karon farko da wani ya nemi iliminsa. Zai tsaya gaban malaman da suka karanta littafin da idonsu, ya ce babu dabara a ciki, ya ce Hajara ba ta da zuciya. Za su kalli juna su ce ba ido kaɗai ciwon ya taɓa ba, shi kuma yaron ya sha kunya a bakin wanda ya fi girmamawa. Idan kuma na faɗa masa gaskiya, dole in karanta shafukan, kuma Malam ba yaro ba ne, zai san dalilin da ya sa waɗannan na tsallake.

Jiya ya ce, "Ɗauko littafin nan. Kafin in kunyata yaro gaban jama'a, ki sake karanta mini tun daga shafin farko, a hankali. Kwanakin baya na riƙa jin takarda tana juyawa fiye da yadda bakinki ke tafiya." Na ce maƙogwarona na ciwo. Ya ce, "Allah Ya sawwaƙe. Zan jira." Yanzu haka littafin yana kan tabarma kusa da shi, tsinkayen na ciki, yana shafa kawunansu da yatsa.

Ina roƙon masu karatu, idan akwai wadda ta taɓa jinyar miji har ta buɗe baki ta ce masa ta gaji, ta rubuto ta gaya mini abin da ya biyo baya. Ya ci gaba da miƙo mata hannu ta riƙe kamar da? Ciwon maƙogwaro ba zai kai ni Sallah ba. Anti, me zan yi?