Fasfon Rauda Ba Ya Cikin Akwati

Hajiya Maimouna, don Allah ki taimake ni, hankalina ya ƙi kwanciya. Ni mutumin Damagaram ne, shekara ashirin da shida ina aikin sito a Vénissieux, kusa da Lyon a Faransa. Ɗiyata Rauda, mai shekara ashirin da ɗaya, tana wasan hoki, wanda ake yi da sanda a kan ƙanƙara. Ita ce mai tsaron ragar ƙungiyarsu a Lyon. Ban hana ta ba, amma ban taɓa zuwa kallo ba, na ɗauka ƙuruciya ce.

Wata biyu ke nan, in na shigo falo ita da uwarta sai su yi tsit. Sau biyu ta tafi Paris wai wasa, na tambayi kocinsu, ya ce ba su da wasa a can. Ran Juma'a na buɗe akwatin takardunmu, babu fasfonta. Da na matsa wa uwar, ta ce wata mata ce a Paris, Inès, za ta kai Rauda gwaji a wata ƙungiya a Kanada, fasfon yana hannun matar, kuma ita ta ce kar a gaya wa koci tukuna. Wace ce ita? Me ya sa ba ta nemi uban yarinya ba? Kanada da ke cike da 'yan wasa, sai ɗiyata? Ban yi wa Rauda magana ba, ina tsoron abin da zai fito daga bakina.

Uban Rauda, Vénissieux

Malam, zarginka biyu ne, kar ka haɗa su.

Na farko, zargin matar nan, yana da tushe. Tafiyar kanta ba baƙon abu ba ce: tun wajen shekara hamsin 'yan Suwidin da Finlan ke ƙetarawa ƙungiyoyin Kanada da Amurka, yanzu ga mata sun bi sahu. A da, wasu 'yan Gabashin Turai a ɓoye suka gudu, don hukumominsu sun hana. Wannan zamani ya wuce. Yau mai gaskiya ba ya ɓoye wa koci, ba ya riƙe fasfon kowa. Dole fasfo ya dawo hannun Rauda wannan makon. A nemi takardar gayyata, kocin ya kira ƙungiyar da kansa, lauya ya karanta komai kafin ta sa hannu.

Na biyu kuwa, ɓoyewar da Rauda da uwarta suka yi maka kuskure ne, amma yarinyar da ubanta bai taɓa ganin wasanta ba za ta zaci amsarsa a'a ce. Ka zaunar da ita ba da faɗa ba, ka ce tare za ku je Paris ku ga Inès. In matar ta fara kwana-kwana, kun gane ta.

Sai dai ka shirya, Malam: mai yiwuwa gayyatar ta gaskiya ce. Ka san abin da za ka ce wa ɗiyarka ranar tun kafin ta zo. Allah ya tsare Rauda, ya sanyaya maka zuciya.

Hajiya Maimouna