Rajistar da ke Saman Bene

Zuwa ga Yayana Alhaji Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Hajara da yara. Mu nan Daura sai godiya, Inna ma ta samu sauƙi.

Akwai maganar da na daɗe ina jin nauyinta. Tun da haɗarin hanyar Zango ya sa ni a keken guragu ban fasa zuwa ofis ba, amma rajistar sa hannu tana saman bene. Sau uku na rubuta a sauko da ita, kamar yadda doka ta tanada. Shiru.

A gindin matakala nake wuni. Akawu yakan tsaya ya ce, "Barka da zuwa, Malam Bashir," sannan ya hau ya rubuta ban zo ba. Shekaranjiya ya manna jerin ma'aikatan da ba a san inda suke ba, daidai saman kaina. Sunana ne na uku.

Na shigar da ƙorafi. Kwamiti ya ce in bayyana da kaina ranar Alhamis, ko a sallame ni. A sama suke zama.

Ka sa ni a addu'a. Kada Inna ta ji. A gaida Kawu Sule.

Ƙanenka,
Bashir